Ranar da ƙ da ɗ suka guje ni a gaban dangi

A gidanmu da ke Ƙofar Sauri ni ake kira injiniya, ba don komai ba sai don ina da laftof kuma na iya sa wa Gwaggo data a waya. Shi ya sa da taron zumuncin dangi na bayan Sallah ya matso, Kawu ya miƙo mini takardu huɗu da rubutun hannunsa, ya ce, "Ɗana, buga mini jawabin nan, ka haɗa da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa." Na ce ai wannan aikin minti goma ne.

Na zauna na tsara abu kamar takardar gwamnati. Kanun da manyan baƙaƙe, sunaye da kuɗi cikin jadawali, kowace ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarta. Na yi sebin a filash, na hau mashin sai wani shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura.

Yaron shagon ya soka filash ya danna, kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. Ya ce, "Yallaɓai, fayil ɗinka nau'in docx ne, ni kuma Word 2003 gare ni, doc kawai take ci." Ashe wannan x ɗin da ke wutsiya daga Word 2007 ya fara, ita kuwa kwamfutar tasa ta girmi wasu ƙannena. Na yi murmushin masana, na ce ya matsa. Na goge x ɗin daga sunan, ya koma doc. Muka buɗe, sai ga shara ta cika allo, akwatuna da wasu ƙwarangwal kamar rubutun aljanu. Yaron ya ce, cikin ladabi har da sunkuyar da kai, "Ko ka kira akuya tunkiya, kukanta ba zai sauya ba." Wai cikin fayil ɗin ne daban, ba sunan ba.

Na koma gida cikin rana, zuciya na tafasa. Na buɗe Save As, jerin ya zubo: doc, rtf, odt, PDF, txt. Doc ɗin da aka ce in kawo yana nan yana kallona. Amma girman kai ya ce mini in zaɓi wanda babu kwamfutar da za ta ƙi shi a duniya, na danna txt, wato zallan rubutu ba ado. Wani akwati ya fito da gargaɗi, har da wasu baƙaƙe da ya yi wa ja, na danna OK ban karanta ba. Wa yake karanta irin waɗannan? Aka buga mini, yaron ya buɗe baki zai yi magana, na ce sauri nake, na ninke na cusa a ambulan.

Ranar taro an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun haya, Kawu ya miƙe cikin babbar riga ya gyara tabarau. Ya yi sallama lafiya. Sai ya tsaya. Ya matso da takardar, ya nisanta ta. Abin da ke gabansa shi ne: "Ina mi?a gaisuwa ga ?aukacin dangi, Allah ya ?ara dan?on zumunci." Duk wani baƙi mai lanƙwasa ya rikiɗe alamar tambaya, saboda wancan akwatin da na yi wa gaggawa tambayata yake in zaɓi UTF-8, tsarin adana rubutu da ya san baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ni kuma na bar shi a tsarin da bai san da Hausa ba. Kawu tsohon malamin firamare ne, in ya ga alamar tambaya sai ya ɗaga murya. Haka ya yi ta yi wa dangi tambayoyi a tsakiyar kalma, yana harara ta ta saman tabarau.

Wannan duk mai sauƙi ne. Txt ba ya riƙe jadawali, layukan sun ɓace, sunaye da kuɗi sun zubo a jere kamar an kwance tsintsiya. Kawu ya ɗauki kuɗin wani ya liƙa wa wani, ya shelanta cewa Gwaggo ta ba da naira 500. Matar da ta sayar da tunkiya ta kawo 20,000! Daga bayan labule muka ji, "Halan wa ya rubuta wannan ƙaryar?" Yara kusan goma suka nuna ni da yatsa, har da waɗanda nake saya wa alewa.

Da daddare ƙanwata da ke aji uku a sakandare ta karɓi laftof ɗin, ta zaɓi PDF, ta ce wannan yadda ka tsara shi haka zai fito a ko'ina, har a waya. Daƙiƙa biyar bai kai ba. Muka tura a zauren WhatsApp na dangi don a wanke Gwaggo. An wanke ta, amma har yau ba ni take ba wayarta in sa mata data ba, kuma in na shigo gida yara sai su haɗa baki: "Sannu da zuwa, Yaya Alamar Tambaya."