Samarin Gusau, wa ya ce muku ruwan famfo na banza ne?

Jiya da hantsi famfo ya kawo ruwa a layinmu na Tudun Wada, bayan kwana tara ko ɗigo babu. Na fito na tarar da samari uku sun jawo tiyo har bakin titi suna wanke babur. Babur ɗaya tal! Tiyon na yashe a ƙasa yana ta kwarara cikin lambatu, mai babur ɗin ya duƙufa kan waya yana ƙyalƙyala dariya. Gefe guda wata yarinya ce tsaye da jarka biyu tana jiran su ga dama. Na ce, "Samari, ku rufe mana tunda ba aiki kuke da shi ba." Ɗayansu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba, ai na gwamnati ne."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Ƙannena, kun san inda ruwan nan ya fito kuwa? Daga madatsar Gusau da ke kan gulbin Sakkwato ake jawo shi, jajir da laka. Sai an zuba masa alif ya kwanta, a tace, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ƙona mai a turo shi cikin bututu har ƙofar gidanku. Shi ne kuke ba lambatu ta sha. Da yawanku kuna goye a Satumbar 2006 lokacin da madatsar nan ta ɓalle, ta ci rayuka kusan 40, ta rusa ɗaruruwan gidaje. Ku tambayi iyayenku yadda garin nan ya ɗanɗana kuɗarsa a kan ruwan sha bayan nan.

Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996. Tun daga lokacin gari ke ta faɗi, Damba da Samaru sun cika, ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, kowa da bakin da zai sha. Gulbin kuwa bai ƙaru ba, yashi ma ke cike madatsar duk damina. Duk mai hali ya haƙa bohol a gidansa, rijiyar maƙwabcinsa talaka ta ƙafe tun kafin bazara ta kankama. Hakkin masu mulki ne su zauna su lissafa ruwan da garin nan zai sha nan da shekara ashirin ko talatin, kuma ba zan wanke su ba. Amma wane lissafi zai tsaya a garin da ake barin famfo buɗe a kwana? Ana ɗura tulu, ku kuna huda gindinsa.

Kullum haka. A ga bututu ya fashe a tsakiyar layi, majalisar samari na zaune gabansa ana musun ƙwallon Ingila, babu mai tashi ya ɗaure shi ko da tsohuwar roba. Ba na ma son in shiga zancen masu kwance kan famfo su kai wa 'yan bola-jari, ko masu ƙarar da kuɗin iyayensu a cacar waya. Sai ruwa ya ɗauke, mai ga-ruwa ya tsuga kuɗin jarka, ku ne kan gaba wajen zagi a Facebook. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari, ku ko hadarin ba ku gani ba.

A 2018 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya kusa rufe famfunansa gaba ɗaya saboda ƙarancin ruwa, aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, jarka biyu kenan, daidai abin da yarinyar nan ke riƙe da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Babban birnin Namibiya tun 1968 yake tace ruwan kwatarsa ya maida shi famfo, Singafo ma haka take yi. Na san za ku yatsina fuska. To ni ban ga baƙon abu ba, don kakata ta riga su.

A gidanmu ruwa bai taɓa yin aiki ɗaya ya tafi ba. Na wankin gero na awaki ne. Na ɗaurayar tufafi a yayyafa a tsakar gida kafin shara, ragowar a kai makewayi. Alwala kuwa sai a gindin zogale, buta ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma in ka cika ta ka tuttular, za ka ji ranƙwashi tare da tunin cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya na ruwa yake alwala. A lokacin ko ɗan maƙwabci ne ya bar guga na zuba, duk dattijon da ya gani zai tsawata masa, uban yaron ya zo godiya. Yanzu ka yi magana a ce ka cika sa ido.

Na karɓi tiyon da kaina na cika wa yarinyar jarkunanta, su suna kallona kamar na taɓu. Kafin azahar famfon ya ɗauke.