Ayar sitatus ba ta ƙosar da mutum

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in sauke ta, kuma da kaina zan fara tun kafin wani ya ce na zo yi masa wa'azi ba a gayyace ni ba.

Shekaru da dama in ka tambaye ni ko ina karanta Littafi Mai Tsarki zan ce maka ƙwarai kuwa, kullum ma. To amma wane irin karatu? Da safe waya ta turo min ayar ranar, in leƙa, in ta yi min daɗi in ɗora a sitatus da hoton fitowar rana a bayanta, mutane su yi ta rubuto amin amin, shi ke nan wai na gama ibadar safe, ko minti ɗaya ba a cika ba. Baibul ɗina kuwa yana can ajiye, sai ranar Lahadi nake kaɗe masa ƙura. Ayar da na fi ɗorawa ita ce Filibiyawa 4:13, zan iya yin komai ta wurin Almasihu da yake ƙarfafa ni. Na sa ta lokacin jarabawa, na sa ta lokacin neman aiki, har ranar da ƙungiyar ƙwallon da nake so za ta buga wasa na taɓa sa ta, Allah dai ya gafarta min.

Sai aka zo wani lokaci da komai ya tsaya min cak. Aikin da nake yi ya ƙare, wanda nake sa rai bai zo ba, wata ya bi wata, kuma gaskiya na fara jin haushin ayar nan, ina cewa a raina ina komai ɗin da aka ce zan iya? Wani dare barci ya ƙi zuwa, wayar ma ba caji, sai na jawo Baibul na buɗe Filibiyawa tun daga aya ta farko, abin da ban taɓa yi ba. Sura 4 ce kacal, aya 104, ko minti 20 ban yi ba na kai ƙarshe. Kunya ta kama ni sosai a daren nan. Ashe mutumin da ya rubuta wasiƙar, wato Manzo Bulus, a ɗaure yake, bai ma san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, kuma wasiƙar godiya ce yake yi wa ikkilisiyar Filibi saboda taimakon da suka aiko masa ta hannun Abafaroditus, wanda shi ma ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Ayoyi biyu da suka zo kafin wadda nake ɗorawa, wato 11 da 12, Bulus cewa yake ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Daga nan ne fa ya ce zan iya yin komai. Kenan yunwar ma tana cikin komai ɗin. Ni na ɗauki ayar kamar takardar shaidar cewa duk ƙofar da na taɓa za ta buɗe, alhali maganar mutum ce da ƙofa ke kulle a kansa yana cewa Almasihu ya ishe shi a hakan.

Daga baya na zo na san cewa lambobin nan da muke yanko aya da su ma ba da su aka rubuta littattafan ba. Rabon surori da muke amfani da shi an fi danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon shekarun 1200, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, shi ya fito da su a 1551. Sun yi aikin kirki, ba don su ba da fasto ya ce a buɗe wuri kaza sai an gama sujada ana nema. Amma 'yan Filibi da wasiƙar ta iso musu ba su ga wani 4:13 ba, wasiƙa suka gani, aka karanta musu ita tun daga gaisuwa har sallama. Kai in wani ya turo maka dogon saƙo ka karanta layi ɗaya a tsakiya ka ba shi amsa, ai faɗa za ku yi.

Haka Irmiya 29:11, wadda ake bugawa a jikin riga da kalanda, na san shirin da nake da shi dominku, shiri na alheri. Gaskiya ce, alkawarin Allah ne. Amma ku koma ku ga su wa aka rubuta wa. Mutanen da aka kwashe daga Urushalima zuwa bauta a Babila ne, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. A sura ta 28 akwai wani Hananiya da ya tashi ya ce ai cikin shekara 2 za a dawo, maganar da kowa ke son ji kenan, kuma ƙarya ce. Abin da Allah ya ce musu ta bakin Irmiya shi ne su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, har su yi masa addu'a. Da yawa daga waɗanda suka fara jin wasiƙar nan a can suka tsufa. Ni dai tun da na gane haka ayar ta fi yi min nauyi da daɗi, domin na daina jiran sai komai ya gyaru kafin in fara rayuwa.

To shawarata ga mai son farawa. Kada ka yi irin tawa ta kowace Janairu, in ɗau alkawarin gama Baibul a shekara, sura 1189 ce gaba ɗaya, wato uku zuwa huɗu kullum, in taho da gudu cikin Farawa da Fitowa, ina isa Littafin Firistoci da dokokin hadayu sai mota ta mutu, sai kuma wata Janairun. Masu iyawa su yi, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Amma in kai irina ne, ɗauki littafi guda ƙarami ka cinye shi a zama ɗaya, gobe ka sake, jibi ka sake, har sati. Markus sura 16 ce, ita ce mafi gajarta a cikin bishara huɗu, kuma tana sauri, nan da nan Yesu ya yi kaza nan da nan ya tafi wuri kaza, ba za ka yi gyangyaɗi ba. Rut sura 4. Filimon ma sura ɗaya ce, aya 25, amma in kana riƙe da wani a zuci za ta hana ka sakat. Karin Magana sura 31 ce, kowace rana ka karanta wadda ta yi daidai da kwanan wata. Ranar da bakinka ya kasa addu'a kuma ka tafi Zabura, akwai 150, a ciki akwai masu kuka da masu tambayar Allah har yaushe, ka ari bakinsu ba laifi ba ne.

Wanda ya fi kama ni dai littafin Yakubu ne. Ina cikin satin karanta shi muka samu saɓani da wata abokiyar aiki a sabon wurin da na samu, ta yi min abin da bai dace ba, ni kuma na bi ta bayanta na ba mutum uku labari, kowane da ɗan ƙarin gishiri. Da dare na buɗe sura ta 3, inda ake kwatanta harshe da linzamin doki, da ɗan ƙaramin abin da ake juya babban jirgin ruwa da shi, da 'yar wuta mai cinye daji, cewa da shi muke yabon Ubangiji da shi kuma muke zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Kun san abin da ya fara zuwa min a rai? Wai ina ma ita ta karanta wannan. Har na fara tunanin ɗora ayar a sitatus don ta gani! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yakubu ɗin nan kuwa tun a sura ta 1 ya riga ya faɗa, mai jin magana bai aikata ba kamar mutum ne da ya duba fuskarsa a madubi, ya tafi, nan take ya manta kamanninsa. Ni madubin ma juya shi na yi ina haska wata. Kwana biyu ina jayayya da zuciyata kafin na je na same ta na ce na yi maganarki a bayanki, ki yafe min. Ba ta rungume ni ba, ta ce to ta ji, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma sai da na koma wurin mutum ukun nan ma na janye gishirin da na ƙara, wannan ya fi na farkon wuya.

Game da sauran littattafan Kirista da wa'azin bidiyo da ake turowa a guruf, ban ce kada a karanta ko a saurara ba, ni ma ina yi kuma na ƙaru. Manzo Bulus kansa a 2 Timoti 4:13, yana kurkuku yana ganin ƙarshensa ya kusa, ya roƙi Timoti ya taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa da littattafai, musamman fatun nan masu rubutu. Tsoho a ɗaure yana jin sanyi yana neman abin karatu, mu kuma da data a hannu muna cewa ba lokaci. Sai dai duk abin da ka karanta ko ka ji, ka yi irin ta mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, da suke bin Nassi kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake, kuma fa Bulus ne mai wa'azin, shi ma sai da suka duba. In marubuci ya jawo aya, buɗe ka karanta goma kafinta da goma bayanta. In littafi daga farko har ƙarshe yana gaya maka abin da za ka samu ne kawai, bai taɓa halinka ko sau ɗaya ba, ka ɗan yi hattara da shi.

In ka karanta ba ka gane ba kuma kada ka ji kunyar tambaya. Ma'ajin sarauniyar Habasha, babban mutum a cikin karusarsa, yana karanta Ishaya, Filibus mai bishara ya tambaye shi ko yana fahimta, ya ce ina zan iya in ba wani ya bi da ni ba? Ka nemi wani dattijo ko wata uwa a ikkilisiya da ka ga rayuwarsu ta yi daidai da bakinsu, ku riƙa karantawa tare ko da sau ɗaya ne a sati.

Yanzu haka Habakuk nake ciki, sura 3 ce, yau kwana biyar kenan ina maimaita ta kuma har yanzu sura ta 1 tana min wuya, inda annabin ke yi wa Allah ƙorafi a kan zalunci sai amsar da ya samu ta fi tambayar tayar da hankali. Wanda ya taɓa zama a kanta ya faɗa min yadda ya fahimce ta, ina jira.