Masanin zamantakewar iyali ba mai sasanta ma'aurata ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa malamin jami'ar da ke nazarin iyali, jima'i da cin zarafi tsakanin ma'aurata, aikinsa sasanta miji da mata ne. Ba haka ba ne. Bincike yake yi: ya tsara tambayoyi, ya yi hira da mutane a asirce, ya gano abin da ke yawan maimaituwa.

A 1979 Murray Straus, wani masanin zamantakewa na Amurka, ya fito da ma'aunin da ke ƙirga mari, turi da barazana tsakanin ma'aurata. A 1995 wani masanin, Michael Johnson, ya nuna cewa ƙirgen bai wadatar ba. Faɗan da ya ɓarke cikin fushi daban ne da na mijin da ke riƙe kuɗin matarsa, ya hana ta ganin danginta, ya sa ta zauna cikin tsoro kullum.