Ba wayar hannu ce ta kashe SegaWorld ba

Malam, labarinka kan SegaWorld, gidan wasan kwamfuta na ginin Trocadero da ke Landan, ya yi daɗi, amma inda ka ce wayoyin zamani ne suka durƙusar da shi, nan kam ban yarda ba. Kamfanin Sega ya buɗe wurin a 1996, kuma zuwa 1999 ya tattara komatsansa ya bar shi. Wace waya ake wasa da ita a lokacin, in ban da wasan maciji na Nokia?

Tun ran gini tun ran zane. Da farko sai ka biya kuɗin shiga, ka hau doguwar matattakalar lantarkin nan har can sama, sannan ka tarar injinan ma kowanne sai ka jefa masa sulalla kafin ya motsa. Ga dogon layi a kan wasanni ƙalilan da aka zo dominsu. Daga baya suka soke kuɗin ƙofa, amma jama’a sun riga sun ja baya. Ga kuma PlayStation, na’urar wasan kwamfuta ta gida, ta shigo Turai tun 1995, yaro na zaune a falo yana wasan tseren mota ba mai cewa lokacinka ya cika.

Abin da ya rage na wurin ya ci gaba da sunan Funland har 2011, to a nan ne za ka iya ɗora wa waya wani laifin. Har ila yau ka manta ka faɗa cewa yawancin ginin yanzu otal ne, kuma a 2023 hukumar Westminster, mai kula da yankin, ta amince a yi wurin sallah a wani sashensa.