Muna karatun kasuwanci, mun juya wa kasuwa baya

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, irin ranakun da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 tun kafin azahar. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, kowa a aji yana fifita da takardar darasi. Malaminmu, matashi mai digirin digirgir, yana bayanin tsarin kamfanin Toyota na Japan: kada ka tara kaya a sito, ka sa a kawo maka su daidai lokacin da za ka yi aiki da su, domin kayan da ke jibge kuɗi ne da ke barci. Sai wani dattijo daga layin baya, wanda duk muke kira Alhaji, ya ɗaga hannu.

"Allah shi gafarta Malam, mu 'yan albasa hwa? Ai mu ajiyar ita ta riba."

Aka tuntsire da dariya. Malamin, Allah Ya saka masa, bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, bismilla, taso ka koya mana." Dattijon nan ya tsaya gaban allo kusan minti ashirin. Ya ce ana saye ne da rani, lokacin da fadamun Goronyo da Wurno suka cika kasuwa har buhu ya faɗi warwas. A zuba ta a rumbun kara da ciyawa inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa ana tsince wadda ta fara laushi, don ɗaya kan ɓata ɗari. Idan damina ta kankama, laima ta zama abokiyar gaba. Albasa tana ruɓewa, tana kuma ramewa, buhu goman da ka zuba ba goma za ka kwasa ba. Lissafin duka shi ne: tashin farashi a ƙarshen shekara zai rufe asarar, da kuɗin mota zuwa Legas ko Anacha, har ya bar maka wani abu? Darasin da ya fi zama a kaina ke nan cikin shekara biyun da na yi ina neman digirin MBA, wato babban digirin kasuwanci, kuma bai cikin manhaja, bai fito a jarrabawa ba.

Abin da nake gani shi ne, ajin babban digirin kasuwanci a garin nan yana zaune a kan arziki bai sani ba. Duba waɗanda ke cikinsa. Akwai ma'aikacin banki da ya yi shekara goma yana bin bashi, ya san fuskar wanda zai biya tun daga sallama. Akwai jami'in kwastan, da akawun ƙaramar hukuma, da hajiyar da ke saro atamfa daga Kantin Kwari, da mai gidan burodi. Wasu daga Birnin Kebbi ko Gusau suke tasowa da asuba, suna addu'ar hanya, ga man fetur da ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Mutanen nan sun shigo aji da ilimin da babu shi a littafi, sai mu zaunar da su kamar 'yan firamare, a karanta musu labarin Coca-Cola da Amazon, su kwafa.

Abin dariyar ma, waɗanda muke kwaikwayo ba haka suka yi ba. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara ba da MBA a 1908, kuma a shekarun 1920 ta yi suna da koyarwa ta hanyar nazarin matsalar wani kamfani na gaske, a ajiye wa ɗalibi ita a ce: kai ne manaja, me za ka yi? Kamfanonin ƙasarsu suka shiga suka rubuto. Mu mun ɗauko labaransu, mun bar dabarar.

Ba kuwa abin rubutawa muka rasa ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Yaya ɗan kasuwar da rabin abokan cinikinsa ke Birnin Ƙonni ya rayu? Wa ya karye, wa ya canza hanya, wa ya yi kuɗi? A farkon 2023 da takardun naira suka yi ɓatan dabo, dillalan shanu a kasuwar Kara, waɗanda ba su taɓa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da hannu ba, dole ta sa suka koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fataucin Sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su. Har yau ribar mai tsoka tana hannun wanda ya jeme ya ɗinka, ba wanda ya yi kiwo ba. Ga masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, yanzu ƙarƙashin BUA. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a yi zango guda ana tattauna shi.

Kada a ɗauka ina cewa littafi banza ne, kasuwa ta wadatar. Na ji masu cewa "Alhaji wane bai yi boko ba, ga shi da tirela ashirin." Gaskiya ne. Amma a tambayi ina tirelolin suke shekara biyar bayan rasuwarsa. Nawa ne cikin manyan gidajen kasuwancinmu suka tsallake rabon gado? Komai a kan mutum ɗaya yake, lissafi a ƙwaƙwalwarsa, bashi a bakinsa, aljihun shago da na cefane ɗaya ne. A nan boko ke da abin cewa. Wani abokin karatunmu mai Keke Napep shida ya rantse mana riba yake ci, har ranar da aka koya mana cewa abin hawa yana cin kansa kullum, dole a riƙa ware kuɗin maye gurbinsa kafin a kira saura riba. Ya yi lissafi a bayan littafinsa, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe uwar kuɗi nika ci." Wannan darasi kaɗai ya biya masa kuɗin makaranta. Haka ma darussan hada-hadar kuɗi ta Musulunci: tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 mutane ke jin murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka amince) da mudaraba (wani ya ba da jari, wani ya juya shi, a raba riba), amma kaɗan ne za su iya zama su kwatanta maka tsadarsu da ta bashin banki na yau da kullum. A gari irin Sakkwato, wannan ba darasin zaɓi ba ne.

Mu ɗalibai ma muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Da yawanmu kwalin muka zo nema, don ƙarin girma a ofis ko don a rubuta haruffa uku bayan suna. Aikin rukuni kuwa, wanda ya yi ya sani. A namu rukunin mu bakwai ne. Wata baiwar Allah ma'aikaciyar banki, da goyo a bayanta, ita ta rubuta komai cikin dare. Wani babban darakta gudummawarsa ita ce kuɗin buga takarda da lemo, da saƙon "Allah Ya yi albarka" a WhatsApp. Ranar gabatarwa shi ya tsaya a gaba da babbar riga. Ni ma, in faɗi gaskiya, shafi biyu na kawo. Idan aka zo kundin kammalawa sai abin ya ƙara lalacewa: take iri ɗaya, "tasirin kaza a kan kaza", takardun tambayoyi ɗari da mutum ɗaya ya cike a ɗakinsa, ko ma a ba wani yaro a shagon kwamfuta ya haɗa gaba ɗaya. Malami ɗaya da ke duba kundin mutum ashirin, ga nasa darussan, ga albashin da bai kai ƙarshen wata, ta ina zai gano?

Gyaran da nake nema bai buƙatar sabon gini ko tallafin waje. A daina karɓar kundin da ba shi da adireshi. Kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a guda ta gaske, shago ko gona ko majema ko kamfanin sufuri, ya zauna da mai ita da izininsa, ya ga littafin cinikinsa in akwai, in babu ya taimaka a buɗe, ya rubuto matsala ɗaya da shawarar da aka yanke da abin da ya biyo baya. A sakaya suna in mai shi ya so. Ranar kare kundin, a gayyato ɗan kasuwa ya zauna tare da farfesoshi, a kuma bari a yi tambaya da amsa da Hausa idan ta kama. Wanda ba zai iya yi wa mai shago bayanin bincikensa ba, da wuya ya fahimce shi. Masu kyau a tara su, su zama abin koyarwa ga 'yan baya. Cikin shekara biyar sashe ɗaya zai mallaki abin da ba wata jami'a a Ingila ko Amurka da ke da shi.

Alhaji ya so ya rubuta kundinsa a kan ajiyar albasa. Muka ba shi shawara, har da ni, cewa abin zai ba shi wahala, babu rubuce-rubucen da zai jingina da su a babi na biyu. Ya bi shawararmu. Ya rubuta a kan tasirin horar da ma'aikata a bankunan kasuwanci, shi da ko asusun ajiya sai da ƙarancin kuɗin 2023 ya tilasta masa ya farfaɗo da nasa. Ya ci, da maki mai kyau.