Ni da Baba Mai Fonis a Hanyar Daura

Tunda Sakatare ya ga dama ya saki bidiyon tafiyarmu ta keke a guruf ɗinmu na tsofaffin abokan makaranta, bari ni ma in faɗi nawa, don ƙarshen abin kawai ya ɗauka.

Kun dai san mafari. Jinyar ƙanwar Ciyaman ce, mai fama da ciwon daji, da aka ce sai an fita da ita a yi mata gashi da na'ura a asibiti, aka lissafa kuɗin mota da masauki da magani, guruf ya yi tsit. Likita ya ce maimakon karo-karon da muka saba, mu hau keke daga Katsina zuwa Daura ranar 4 ga Fabrairu, ranar da duniya ta ware wa ciwon daji, kowa ya nemo mai biyansa a kan kowace kilomita. Ni na fara cewa a rubuta sunana. Har na ƙara da cewa daga Ƙofar Guga nake zuwa makaranta a keke ba tare da na riƙe kai ba. Gaskiya na faɗa, illa dai lokacin Abacha ke mulki, tumbin nan kuma bai zo duniya ba.

Surukina ya ce zai ba da naira dubu a kowace kilomita. Aka ce masa tafiyar ta kai kilomita 80. Ya dube ni, ya dubi cikina, ya ce a mai da shi dubu biyu. Na durƙusa ina ta godiya.

Keken na ɗan yayata ne, mai giya, sirdinsa kamar bakin fartanya. Aka raba mana riguna ruwan hoda da hular kwano da wani wando mai kama jiki, wanda uwargida ta ce in dai tana gidan ba zan wuce zaure da shi ba. Sai na ɗora wandon shadda a kai, na ɗaure ƙafafun da kyauro.

Muka taru a Ƙofar Durɓi bayan asuba, aka yi addu'a, aka yi hotuna. Har filin jirgi ni ke gaba, a tambayi kowa. Abin da Likita bai lissafa ba, duk da bokonsa, shi ne iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Daura kuma gabas take da mu. Da daga can muka taso, da iska ta kawo mu gida kyauta. Kafin mu bar Kayauki kowa ya wuce ni. Hatta Ustaz, wanda ya ƙi cire jallabiya, ya wuce yana lazimi, ya ɗaga mini carbi.

Ina cikin wannan hali, hanya ta zama tawa ni kaɗai, harshe ya bushe, na danna wani abu a kan keken da nufin rage giya sai ya ƙara nauyi, na ji ƙararrawa a bayana. Ƙirrin, ƙirrin. Na raɓe.

Dattijo ne, gemu fari fat, a kan tsohon Fonis wanda fentinsa ya riga ni tsufa. A kariya ya ɗaure buhun gero, a kan buhun akwai kwandon kaji, a ƙarfen gaba kuma jarka tana lilo. Fedarsa ɗaya babu roba, sandar ƙarfen kawai yake takawa da silifa. Ya zo daidai da ni ya yi sallama, na amsa da kai, don baki ba ya aiki. Ya wuce. Na ce alhamdu lillahi, babu wanda ya gani.

Sai ya ja birki ya jira ni.

"Samari, lafiya kau? Wa ya koro ka?"

Na tattaro numfashi na ce, "Baba... Daura... za mu."

"Daura? A haka?" Ya dubi keken, ya dubi hular, ya dubi rigar. "Mi ya yi zafi? Babu kuɗin mota?"

Ga abin da nake son faɗa: mu ƙungiya ce, muna tara gudummawa domin masu fama da ciwon daji. Ga abin da ya fito daga bakina, tsakanin haki da tari: "Ciwon daji... taimako... asibiti."

Baba ya saki salati har kajin suka amsa. Ya ce, "Wayyo ɗana. Sannu. Sannu ka ji. Tun yaushe?"

Na girgiza kai ina ɗaga hannu alamar a'a. Ya ɗauka ina nufin an daɗe.

Wallahi na yi ƙoƙarin gyara zancen. Amma duk wanda ya taɓa taka keke iska na dukan ƙirjinsa ya san magana mai tsawo ba ta fita. Ina cewa "ba ni ba ne", iska ta tafi da "ba" ɗin farko da na ƙarshe. Ya ce, "Na sani kai ne, ai ga shi nan a fuskarka." Fuskar kuwa ƙura ta mai da ita fari, leɓe ya tsage, ido ya yi ja.

Daga nan bai sake neman shawarata ba. Ya matso da kekensa, ya riƙe kai da hannun dama, ya ɗora tafin hagu a gadon bayana, ya shiga tura ni. Mutumin da ya isa ya haife ni, da buhun gero, da kaji. Ya ce in ɗauke ƙafa daga feda in huta. Jama'a, na ɗauke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunda na bar gida keken bai yi gudu irin na lokacin ba. Motoci na wucewa, fasinjoji na leƙowa, wani kwandasta har da tafi. Shi kuwa Baba ko haki ba ya yi, hira yake.

A hirar ne ya ce mini matarsa ta fari wannan ciwon ne ajalinta, a mama ya fito mata. Ta ɓoye saboda kunya, da ta faɗa kuma aka ce daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi fashewa yake. Suka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ya sayar da sa. Ranar da aka kai ta asibiti, likita ya tambaye shi ina suke tun bara. Ya ce, "Don haka kai kar ka saurari kowa. In sun ce Zariya, tafi Zariya. In sun ce Sakkwato, tafi. Amma a mota, ɗana, ba a keke ba." Likitanmu ya sha faɗa mana cewa yawancin masu zuwa wurinsu sai abu ya ci jiki suke zuwa, muna jinsa muna danna waya. A bakin Baba na ji shi da kyau, ga hannunsa a bayana, kuma ku gaya mini ta ina zan katse mutum yana zancen matarsa da ta rasu in ce masa ni lafiyata lau, ƙiba ce kawai.

Haka muka shiga wani gari kafin Mashi, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina da niyyar sake bin hanyar. Ya tsayar da mu gaban mai shayi. Na sauke ƙafar dama, cinya ta ɗaure tamau. Na ce bari in gwada hagu, ashe kyauron ya tsinke tun tuni, ƙafar wando ta shige cikin sarƙa. Na tsaya cak na ɗan lokaci, ni ba a sama ba ni ba a ƙasa ba, sannan ni da keke muka tafi gaba ɗaya, a hankali, cikin tsibin raken wani yaro. Shaddar ta ce ɓarrr tun daga gwiwa har inda ba a faɗa, wandon da uwargida ta hana a gani ya fito gaisawa da jama'a.

Baba ya ɗaga murya: "Ku kama shi, bawan Allah ne mara lafiya! Daji gare shi, kuɗin asibiti yake nema, a keke ya taso tun daga Katsina!"

Kafin in ce wani abu an ɗauke ni caɗak an shimfiɗe a bencin mai shayi. Wani na yi mini fifita da kwali, cikin sanyin nan. Wani ya cire mini takalmi. Mai shayi ya haɗa mai kauri ya ce sadaka. Mata masu dawowa daga rijiya suka ajiye bokitai suka kewaye ni. Wata tsohuwa ta sunkuyo ta ƙare mini kallo, ta sa yatsa ta danna cikina ta cikin rigar ruwan hodar, ta juya ta ce wa sauran, "A ciki yake. Ba ku ga yadda ya kumbura ba?"

Suka ce, "Allah sarki."

Ta sake dannawa. "Har ya yi tauri."

Tuwon shinkafa ne, Inna. Tuwo ne da miyar taushe da zaman ofis. Na buɗe baki in faɗa, mai shayi ya kafa mini kofi. Wani mai gemu ya fara ba da labarin wani mai magani a cikin Nijar, Baba ya daka masa tsawa irin tamu ta Katsinawa, wadda ba ta rubutuwa, ya ce asibiti za shi. Sannan ya cire hular kwanon daga kaina, ya kwance bakin zanen aljihunsa, ya jefa naira ɗari biyu a ciki, ya miƙa wa na kusa. Ina kwance ina kallon hulata tana zagaya gari. Hamsin, ashirin, ɗari. Yaron da na watsa wa rake ma ya sa goma.

A daidai nan motar rakiya ta iso, da ƙyallenmu a jiki, Sakatare a gidan gaba.

To bari in yi magana a kan Sakatare, don an daɗe ana rufa masa asiri. Mutumin nan shi ya fi kowa zuba a guruf, shi ya zaɓi launin riga, shi ya ce wanda bai hau ba ba namiji ba ne. Ana saura kwana kaɗan ya turo hoton wata takarda wai bayansa na ciwo, takardar da ko hatimi babu. Aka ba shi riƙon ruwa da ayaba da dabino, aikin da ke nufin ya bi na ƙarshe a baya. Ni ne na ƙarshe. Ina ya shiga? Ya wuce gaba wurin masu ƙarfi, inda ake ɗaukar hoto. Ayabar da aka sayo da kuɗinmu kuwa, direba ya rantse mini ɓawonta kawai ya gani yana fita ta taga. Kuma wannan hali ba yau ya fara ba. Duk wanda ya kwana a ɗakinmu a aji uku ya san wanda ya fasa akwatina ya kwashe garin kwaki da sukari, ya zo yana taya ni nema. A bikina shi aka ba kuɗin lemo. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, waɗanda suka sha ruwan randa a wurin walima suna nan da ransu.

Wannan mutumin ne ya sauko daga mota, ya gan ni a benci, wando a yage, mata na yi mini addu'a. Baba ya tare shi ya ce, "Alhaji, kun san shi?" Kalma ɗaya ta ishe shi ya fitar da ni. Sai ya ciro waya, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Mun san shi, Baba. Mun daɗe muna ba shi shawara a kan cikin nan. Ku dai ci gaba da addu'a." Muryar da kuke ji tana rawa a bidiyon ba kuka ba ne.

Direba ne, Allah ya yi masa albarka, ya yi wa mutane bayani. Aka yi shiru. Tsohuwar ta ce to ko ma mene ne a je a duba cikin nan, ba a banza ba. Na ce a mayar wa kowa kuɗinsa, Baba ya ce abin da ya shiga hula ya shiga, a kai wa ita mai ciwon, ai duk ɗaya ne. Ya dube ni ya ce, "Ashe ƙarfi ne dai babu." Ya haye Fonis ɗinsa, ya ce yana sauri kar kasuwa ta watse.

A bayan mota na ƙarasa Daura, rungume da keke. Sauran sun isa, ban hana su ba, Ustaz ma ya isa. A hoton da aka ɗauka a bakin rijiyar Kusugu za ku ga Sakatare a tsakiya, da hular kwano a kai, rigarsa ko ɗigon gumi babu, ya ɗaga yatsu biyu. Hular tawa ce. Kuɗin cikinta Ma'aji ya ƙirga ya shigar a littafi, kuma na ga abin da ya rubuta a gefen, za mu haɗu.

Kuɗin da aka tara dai ya isa an tafi da ƙanwar Ciyaman, an fara mata gashin, Allah ya ba ta lafiya.

Surukina kuwa da kansa ya sa direbansa ya kai shi har garin, yana duban mitar mota. Ya tsaya wurin mai shayi ya yi tambaya, aka nuna masa daga inda aka fara turo ni, ya cire wannan daga lissafi, ya ce ladan na mai gero ne. Adadin da ya rage ba zan faɗa ba. Ya dai cika sauran daga baya, amma da sunan 'yarsa ya bayar.

Keken yana wurin mai gyara a Ƙofar Ƙaura, wai giyar ta karye sai an aiko da ita daga Kano. Ɗan yayata ya daina gaishe ni. In akwai mai zuwa Kano cikin satin nan ya yi mini magana.