Ƙannena maharba, bakan zamani ba a tanƙwara shi da gwiwa

Assalamu alaikum ƙannena maharba na Ringim, Gumel, Rano da ƙauyukan da ke kewaye. Bakan nan na Turawa mai gargare a kowane baki ya fara shigowa hannun wasunku, kuma na yi murna. Abin da ya hana hankalina kwanciya shi ne maganar da nake ji a majalisa, wai idan tsarkiya ta tsufa sai a kai shi wajen mai walda a matse shi da jak ɗin mota, ko a ɗaure shi a gindin maina a ja da igiya, don a tanƙwara shi a canza ta. Don girman Allah kada ku yi.

Bakan su Baba Sarkin Baka ka kafa shi a ƙasa, ka danna da gwiwa, ka zare tsarkiya, ya saki jiki. Wannan daban ne. Wani Ba'amurke mazaunin jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, shi ya ƙirƙiro shi, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1969. Fukafukansa, wato sassan sama da ƙasa masu tanƙwaruwa, gajeru ne masu tauri ƙwarai, tsarkiya da igiyoyin gargare ne ke riƙe da su a tanƙware dare da rana. Ko yana rataye a bango, ɗanannen tarko ne. Na manya jansa kan kai laba 60 zuwa 70, wato wajen kilo 27 zuwa 32, kuma da yawansu suna cilla kibiya gudun da ya kai mita 90 a daƙiƙa. Abin da ke ruɗar yaro shi ne idan ya ja ya kai ƙarshe sai mafi yawan nauyin ya sauka daga hannunsa, ya ce ai ba wani abu ba ne. Gargaren ne ya ɗauke masa, ƙarfin yana nan a fukafukai, kuma ranar da ya kuɓuce fuska da yatsu yake nema.

Shi ya sa aka yi masa mamatsi na musamman, wato na'urar da ke matse fukafukan har tsarkiya ta saki, kuma ko a mamatsan ba kowanne ke yi ba. Tsohon mamatsi yana jan mariƙin bakan daga tsakiya, yana tokare fukafukai a ciki. Bakunan yanzu kuwa mariƙinsu dogo ne, na alminiyam da aka yi wa huji-huji don ya yi sauƙi, fukafukan kuma sun kwanta suna kallon juna, wasu har sun ɗan rusuno ciki. Ka sa irin wannan a tsohon mamatsi, ko dai mariƙin ya karkace har abada, ko bakan ya zullo ya fice da ƙarfinsa. Nasa mamatsin a can ƙarshen fukafukai yake kamawa, daf da inda gargare ke juyawa, da 'yan yatsun ƙarfe da suka dace da faɗinsu. Kamfanoni irin su Hoyt da Mathews suna faɗar irin mamatsin da suka yarda da shi, kuma wanda ya saɓa ya fasa bakansa ba su da alhaki. To ina ga jak ɗin mota?

Idan Allah ya haɗa ka da mamatsin da ya dace, ƙanena, fara ɗaukar hoton yadda igiyoyin suka bi ta kan gargare da wayarka, gefe biyu, domin bayan ka cire su kanka zai ɗaure. Duba littafin bakan, idan ya ce a sassauta notin fukafukai, sassauta daidai adadin da ya faɗa, sama da ƙasa iri ɗaya, kada ka ƙara ko juyi guda. Sa gilashin kare ido. Kori yara daga zauren. Ka tabbata yatsun mamatsin sun zauna a kan fukafukan su kaɗai, ba su taɓa gargare ba. Sai ka juya a hankali, kana tsaye a gefe, fuskarka ba ta saitin bakan. Da zarar tsarkiya ta yi sako-sako ka tsaya nan, ƙarin matsi ba ya ƙara komai sai tsaga.

Wajen saki aka fi yin asara, saboda mutum yana ganin ya gama. Bi kowace igiya da yatsa ka ga ta kwanta cikin kwarminta, ka kwatanta da hoton nan, ka sassauta kaɗan, ka sake dubawa, sannan ka ci gaba. Bayan ya fito, ɗauki ɗan ƙullin auduga ka goga a jikin fukafukan sama da ƙasa. Inda audugar ta maƙale, zare ya tsaya, akwai tsagar da ido bai gani ba, kuma bakan ya daina harbuwa sai an canza wannan fuffuken.

Jan farko kuma a yi shi da kibiya a kan tsarkiya, ana fuskantar tarin yashi ko dami, ba mutum ba dabba a bayansa. Sakin wannan baka babu kibiya yana iya tarwatsa gargare da tsarkiya nan take.

Wanda bai samu mamatsi ba, kuma tsarkiyarsa ta fara tashin gashi ko zare ya tsinke, ya daina harbi da shi. Ya naɗe shi ya ajiye a inuwa nesa da zafin kwano, har ya sami wanda ke da kayan aikin, ko da sai ya yi tafiya zuwa birni.